Sarkin Ɗaliyan a Addu'ar Gidanmu

A gidan mijina akwai wata addu'a da ba za ka same ta a kowane littafi ba. Addu'ar hanya muke ce mata. Ranar ƙaramar Sallah ake yin ta, bayan an dawo daga Harami, an shimfiɗa sufra, shimfiɗar cin abinci, an jera cuku da zaitun da burodi da dibyaza, dafaffen kayan marmarin nan mai zaƙi da mutanen Makka ba sa ganin Sallah ta cika sai da shi. Ba mai kai hannu kwano sai babba a gidan ya ɗaga nasa hannuwan ya bi hanyar da iyayensa suka biyo daga ƙasar Kano zuwa nan Makka, zango bayan zango, yana roƙa wa duk wanda ya taimake su.

Surukina ne ya kafa ta, Allah ya jiƙansa. Mu Baba muke ce masa, jikoki kuma Sidi. A goye aka fito da shi daga ƙauyensu, a hanya ya yi wayo, a gonakin audugar Sudan ya koyi aiki, gashin baki kuwa a Asmara ya fara tsiro masa, lokacin ƙasar tana hannun mutanen Italiya. Daga can suka gangara Musawwa suka ƙetaro teku zuwa Jidda. Ba ya kiran sunan kowa a addu'ar, don yawancinsu bai san sunansu ba. Sai dai ya ce, Allah ka jiƙan mai kwalekwalen da ya ƙetare da mu kogi ruwa ya cika. Allah ka jiƙan matar nan ta Lubayya da ta shayar da ƙanwata ranar da nonon Inna ya ƙafe. Allah ka jiƙan mai raƙumin Kasala da ya sauka ya ɗora tsohuwarmu. Mu kuwa muna amin, har idona yakan cika da hawaye don mutanen da ko ƙasusuwansu sun zama ƙasa. Dab da ƙarshe sai ya ce, Allah ka saka wa Sarkin Ɗaliyan mai takobi, wanda ya gina mana masallaci ya sa mu a jirgi.

Ran da na fara jin wannan ina amarya, lallen hannuna bai gama fita ba, kuma ban daɗe da gama sanawiyya ba, wato sakandare. A littafinmu na tarihi akwai hoton wani dattijo mai farin gemu, malamin Alƙur'ani daga Libiya, an ɗaure shi da sarƙa, sojoji sun kewaye shi suna kallon mai ɗaukar hoto kamar sun kamo zaki. Malamarmu, wata Bamisiriya, da ta zo inda aka rataye shi a gaban mutanensa sai da ta cire tabarau ta goge. Ta gaya mana sunan shugaban da aka yi wannan aika-aika a ƙarƙashinsa, da sunan aƙidarsa, fashiyya da Larabci, abin da nake ji gidajen rediyon Hausa suna kira fasisanci. Ɗaliyan kuwa haka mutanen nan ke kiran Italiyawa, don haka ban sha wahalar gane waye Sarkin Ɗaliyan ba. Ban ce amin a wurin ba. Amma amarya ba ta gyara wa suruki addu'a, na sunkuyar da kai kawai.

Da yamma na gaya wa maigidana. Dariya ya yi, ya ce, "Kin fara ke nan, 'yar makaranta. Baba da ya ga abu da idonsa, ke da kika gani a takarda."

Haka shekaru suka tafi. Muka bar tsohon gidan Jarwal lokacin da aka rushe unguwar aka kafa otal-otal, muka dawo Hindawiyya. Baba ya rasu, maigida ya gaji addu'ar, bai rage mata ko wasali ba. Ni kuma na saba, duk shekara idan an zo wurin nan sai in miƙe kamar zan ɗauko shayi. Ba wanda ya taɓa lura, ko kuwa sun lura sun ƙyale ni.

Bana abin ya zo mini har ɗaki. Cikin Sha'aban aka yi wa maigida aiki a maƙogwaro, aka cire wani tsiro. Alhamdu lillahi ya tashi, amma muryar ta zama kamar ana murza leda, kalma kaɗan zai yi sai tari. Ranar da muka fara azumi, ina jiƙa masa burodi a shurba, romon hatsi da nama na buɗa-baki, ya yafito ni ya ce babban ɗanmu ne zai yi addu'ar hanya wannan Sallar.

Na ce, "Wace Hausar gare shi? Ta 'kawo ruwa' da 'ina takalmina'?"

Ya ce, "Shi ya sa ke za ki koya masa. Ni ba murya. Ba wanda ya riƙe ta kamarki."

Gaskiya ya faɗa. Yayarsa, wadda yara ke ce wa Gwaggo, ta girme mu duka, amma ita takan haɗa mai raƙumi da mai kwalekwale. Ni ce bare da aka auro, ni ce kuma na haddace ta tsaf har da inda Baba yake jan numfashi. To ga shi an ce in ɗauki mutumin nan da bakina in sa shi a bakin ɗan da na haifa, shi kuma wata rana ya sa a bakin nasa ɗan. Wannan ne abin da ya hana ni sakewa duk watan.

Na ce bari in fara da neman sani, kada in je wa mara lafiya da abin da na tuna tun ina yarinya. Bayan la'asar, idan na ɗora tukunya na naɗe sambusa, sai in zauna a kujerar kicin da waya ina karantawa da Larabci, ina kallon tsofaffin hotuna masu motsi. Na ga mutumin a kan baranda, kai ba gashi, haɓa a sama, hannu a ƙugu, yana zare ido yana tura leɓe, ƙasa kuma jama'a sun cika fili suna ihu da murya ɗaya. Ashe ba ma sarki ba ne, suna da sarkinsu daban da ya ajiye a gefe. Ɗan jarida ne da ya tashi bayan babban yaƙin duniya na farko, lokacin mutanensa sun dawo gida da raunuka da yunwa da jin an raina su. Ya tara zauna-gari-banza da tsofaffin sojoji ya sa musu baƙaƙen riguna, suna bin duk wanda ya musa masa da kulki, su danne shi su ɗura masa man zurma har ya ɓata wandonsa a bainar jama'a. Da haka suka tsorata gari har aka miƙa masa mulki.

Aƙidar tasu kuwa, iya abin da na fahimta, ba ta da wuyar faɗa. Ƙasa ita ce komai, mutum shi kaɗai ba komai ba ne. Shugaba shi ne bakin ƙasa, kuma ba ya kuskure. Wannan ma har a bango suke rubutawa, ni da aka koya mini tun ina riƙe da allo cewa duk ɗan Adam mai kuskure ne. Yaƙi a wurinsu shi ke wanke al'umma, zaman lafiya na ragwaye ne. Burinsu su dawo da daular Rum ta dā, don haka dole su mallaki ƙasashen wasu. Alamarsu damin sanduna ne an ɗaure su tamau da gatari a tsakiya. Na daɗe ina kallon hoton, ina ta tunanin igiyar, da wanda ya ja ta. Yara tun suna ƙanana ake sa musu kayan soja a ba su bindigar wasa. Mata aikinsu su haifo sojoji, har aka sa su cire zobban aurensu na zinare su bayar don yaƙi, a musanya musu da na ƙarfe. Na dubi nawa zoben da ƙullun sambusa ya maƙale masa, na ji tausayin matan da ban san harshensu ba.

Sai abin da aka yi wa namu. A Libiya an kwashe ƙabilu ɗungurungum an zuba su cikin shingen waya a hamada, aka toshe rijiyoyi, aka kashe dabbobi, yunwa da cuta suka cinye mutane. A Habasha guba aka yi ta zubowa daga jirgin sama. Takobin da Baba yake yabo kuwa, a Libiyar aka miƙa masa shi bayan duk wannan, aka kira shi mai kare Musulunci. A ƙasarsu aka ƙera takobin. Hoton da ya ɗaga shi yana kan doki ma, akwai wani da ke riƙe masa linzami, aka goge shi daga hoton don kada a ce jarumi bai iya doki ba. Rannan shurbata ta kama.

Na kai wa maigida duk wannan, kaɗan-kaɗan, bayan buɗa-baki idan ya sha magani. Yakan saurara yana jan carbi, sannan ya ba ni amsa da 'yar muryarsa.

"Masallacin nan yana nan ko ya rushe?"

"Yana nan, Alhaji."

"To."

"Wanda ya gina masallaci da hannun dama ya rataye limami da na hagu fa?"

"Turawan Ingila waliyyai ne? Na Faransa fa?"

"Su ai ba sa cikin addu'armu."

Wani dare ya ce Baba ya ji a bakin manya a Musawwa cewa mutumin ya musulunta a ɓoye, shi ya sa aka ba shi takobi. Na ce ko kusa, mutanensa da kansu suka harbe shi suka rataye gawarsa ƙafa a sama, ba wanda ya taɓa jin ya yi shahada. Ya rufe ido ya ce, "Ke dai so kike in ce ubana maƙaryaci ne."

Na ce, "Wallahi a'a. Yaudararsa aka yi, shi da dubunsa."

"Wawa ke nan."

Daga nan ya juya fuska bango. Na fito falo na zauna ina jin kamar in fasa wani abu. Ina son Baba, ni na yi jinyarsa, ni nake yanke masa farce da ya tsufa. Amma duk ƙofar da na bi sai in tarar an ajiye mini gawarsa a bakinta, an ce sai na tsallaka.

Na yi tunanin in koya wa yaron addu'ar in cire layin shiru, in ya so ranar Sallah a ce mantuwa ce. Har na kwana da wannan niyyar. Da na idar da asuba na ga ba zan iya ba. Amana mara lafiya ya ba ni, kuma cikin azumi. Don haka da ɗan nawa ya zo ranar hutunsa daga tashar motocin Kudai inda yake aiki, na zaunar da shi a kicin na fara masa daga farko. Kwalekwale kaɗai sai da muka sha fama, yana ta ce mini kulkul. Da muka iso wurin, na faɗa masa layin yadda yake, sannan na juya Larabci na ba shi labarin shingen waya da guba da dattijon nan mai sarƙa.

Ya gama ji yana latsa waya ya ce, "Yumma, ni duk addu'ar ba na jin rabinta. In an ce in faɗa sai in faɗa. Mutum ya mutu tun kafin a haifi Abuya, mahaifina, me zai ƙare shi da amin ɗinmu?"

"Kai me za ta rage ka da shi, shi nake tambaya."

"Kuma wallahi mutumin yana da haiba. Akwai abokina a tasha yana tura mana bidiyonsa, yana cewa irin waɗannan ne ke gyara ƙasa, kowa ya bi layi."

Na ce, "Kai da wannan fatar taka, a wane layin kake tsammani zai sa ka?"

Ya yi dariya ya sumbaci kaina ya ce in zuba masa sambusa zai kai wa matarsa. Wannan dariyar ta fi fushin ubansa ciwo. Uban aƙalla yana riƙe da wani abu. Shi kuwa ko a jikinsa, a ba shi alheri ya maimaita, a ba shi sharri ya maimaita.

Cikin goman ƙarshe na raka maigida asibiti a duba wurin aikin. Da muka fito muna tafe a kan rasif, dakalin nan na masu tafiya a ƙasa, sai ga ayarin masu umara farare sun nufo mu. Muka raɓa suka wuce. Nan take Baba ya faɗo mini a rai. Shi bai taɓa raɓawa ba. Duk sanda farin mutum ya tunkaro shi, ko Baturke ne ko mutumin Sham, ko da yaro ne sa'an jikansa, sai ya sauka daga rasif gaba ɗaya ya shiga titi, ya sunkuyar da kai har su wuce. 'Ya'yansa sun yi faɗa sun gaji, sau da yawa mota ta kusa kwashe shi a Jarwal. Mun ɗauka tawali'u ne irin na mutanen dā. Sai a karatun nan nawa na ga cewa a Asmara ta wancan zamani akwai titunan da baƙar fata ba ya takawa, a mota wurin zamansa daban, makarantarsa ba ta wuce 'yan azuzuwan farko, kuma doka ce a rubuce cewa jininsa bai kai nasu ba.

A cikin tasi na ce, "Alhaji, ka tuna yadda Baba ke sauka titi?"

Ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi.

"A ina ka ga ya koyo?"

Na gaya masa abin da na karanta, a hankali, ba da muryar gardama ba. Na ce Baba ya baro garin nan yana saurayi, ya zauna a Makka har ya tsufa, inda sarki da bawa ke sa harami iri ɗaya, amma ƙafarsa ba ta manta ba. Bakinsa yana yi wa mutumin addu'a, ƙafarsa tana ba da shaida a kansa. Maigida ya juya yana kallon taga har muka iso gida. Da zai fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya taɓa gaya mini shi da babansa sun ɗauki dutse a ginin masallacin. A ka." Har aka ga wata bai ce mini cire ba, bai ce bari ba.

Ranar Sallah gida ya cika. Gwaggo ta zo da 'ya'yanta da jikoki, ta zauna a kan kujera saboda gwiwa, tana ta ba da umarni a matso da zaitun. Ɗana ya gyara shimaginsa, gyalen nan da mazan Larabawa ke yafawa a ka, ya ɗaga hannu ya fara, yana tuntuɓe, yara na danne dariya. Ya ƙetare kogi da ƙyar, ya wuce Lubayya, ya wuce Kasala. Ni ina tsaye bakin ƙofar kicin da butar shayi. Ya buɗe baki ya ce, "Allah ka saka wa," sai ubansa ya ɗora masa hannu a gwiwa. Da muryar nan tasa ta leda ya ce, "Waɗanda suka ɗauki dutse a ka suka gina masallaci. Da ma'aikatan jirgin da suka ba mu ruwa." Yaron ya maimaita. Na ce amin, karo na farko a wannan wurin tun ina amarya.

Gwaggo ta ce, "An tsallake Sarkin Ɗaliyan."

Maigida ya girgiza mata kai.

"Kai ka fi Baba sani? Ko matarka ce ta fi shi?" Ta harare ni ta ɗaga nata hannuwan. "Allah ka saka wa Sarkin Ɗaliyan mai takobi. Ku ce amin mana, kun zuba mini ido."

Rabin ɗakin ya ce amin. Jikokina ƙanana su suka fi kowa ɗaga murya, don sun san daga amin sai dibyaza. Ɗana bai ce ba, amma na duba na ga hankalinsa ma ba ya wurin, ya riga ya miƙa hannu ga burodi. Ban san ko ya fahimci abin da ubansa ya yi ba.

Da aka watse ina wanke kwanuka, Gwaggo ta leƙo tana ɗaura niƙabi ta ce baɗi a gidanta za a yi karin Sallah, kuma ɗanta ne zai ja addu'ar yadda Baba ya bar ta. Na ce Allah ya kai mu, Yaya. Na zuba mata dibyaza a roba ta tafi da ita. Maigida yana kwance a falo, maganar nan da ya yi ta tayar masa da tari. Na kai masa ruwan ɗumi da zuma, ya karɓa ya sha, ya ce in rage ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki.